Tron: Ares: Abin da ya raba kan masoya Nine Inch Nails game da sabon kundin ƙungiyar

Tun ranar 19 ga Satumba, 2025 da ƙungiyar makaɗa ta Amurka, Nine Inch Nails, ta fitar da kundin waƙoƙi mai suna Tron: Ares, masoyanta suke ta kai-komo a kan tambaya guda: wannan kundi na ƙungiyar ne da gaske, ko kuwa kayan kamfanin Disney ne da aka liƙa wa sunanta?

Kundin na ɗauke da kaɗe-kaɗe 24, waɗanda aka shirya domin fim ɗin Disney mai wannan suna, wanda ya shiga gidajen silima ranar 10 ga Oktoba. Huɗu kacal daga cikinsu ne aka rera waƙa a kai. Sauran ashirin ɗin kiɗa ne zalla, wasu gajeru ƙwarai, an yanka su daidai da tsawon wuraren da za su cike a fim. Ga mutanen da suka shafe shekara bakwai suna jiran muryar jagoran ƙungiyar, Trent Reznor, a sabon kundi, wannan lissafi ne ya fara tayar da ƙura.

Asalin salon da kuma mutumin

Salon da ake kira industrial rock, wato kiɗan rok mai amon masana'anta, ya samo sunansa daga wani ƙaramin kamfanin faifai, Industrial Records, wanda ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa a Landan a 1976. Waɗanda suka fara shi ba su nemi daɗin kunne ba ko kaɗan. A Berlin ta Yamma, 'yan ƙungiyar Einstürzende Neubauten sun riƙa dukan tarkacen ƙarafa suna kunna injin huda bango a kan dandamali. Daga baya Ministry a Chicago da Skinny Puppy a Vancouver suka gauraya wannan ƙara da gangar na'ura da jita mai kaushi.

Reznor, wanda ya tashi a garin Mercer na jihar Pennsylvania, ya zo ya tarar da wannan duniya. Yana aikin hidima da shara a wani ɗakin naɗar sauti a Cleveland, ya riƙa amfani da lokutan da babu kowa yana naɗar nasa, kusan shi kaɗai. Daga nan kundin Pretty Hate Machine ya fito a 1989. Abin da ya ƙara wa salon shi ne amshi mai kama zuciya da kalmomi na mutum ɗaya da ke fama da kansa. Tun a lokacin tsoffin masu bin salon suka ce ya tsarma shi da ruwa domin kasuwa. Ke nan zargin sayar da kai ya kusa zama sa'an ƙungiyar.

Kundin The Downward Spiral na 1994 ne ya kai shi ƙololuwa. Labari ne na mutumin da ke rugujewa mataki-mataki, kuma a ƙarshensa waƙar "Hurt" take, wadda Johnny Cash ya sake rerawa a 2002. Matasan da suka girma da wannan kundi sun ɗauke shi tamkar wani ya buɗe musu cikinsa. Reznor kuwa a waɗannan shekaru shaye-shaye na cin sa, har sai da ya nemi magani ya daina a 2001.

Yadda sunan ya hau fim ɗin Disney

Ba wannan ne karon farko da Reznor da abokin aikinsa Atticus Ross, ɗan Birtaniya, suka yi wa fim kiɗa ba. Sun ci kyautar Oscar a 2011 da The Social Network, suka sake ci a 2021 tare da Jon Batiste da fim ɗin Soul na Pixar, wanda shi ma mallakin Disney ne. Amma duk waɗancan ayyuka da sunayensu na yanka suka sa hannu. Masoya sun saba da wannan iyaka: Reznor da Ross su ne ma'aikatan da darakta ke ɗauka haya, Nine Inch Nails kuma gida ne da babu mai ba da umarni a cikinsa sai mai gidan.

A wannan karon aka ɗauke katangar. A taron D23 na Disney da aka yi a Anaheim cikin Agustan 2024 aka sanar cewa da sunan ƙungiyar za a yi kiɗan, kuma shawarar hakan daga ɓangaren kiɗa na Disney ta fito. Mutanen biyu sun bayyana cewa sa sunan ya sauya yadda suka tunkari aikin, ya ba su damar yin kaushi da ƙazanta a sauti, suka kuma bar ayarin goge da ƙahoni da aka saba ji a manyan finafinai suka tsaya a kan na'urorin haɗa sauti.

Ɓangarorin da suka ja daga

Waƙar farko da aka saki, "As Alive as You Need Me to Be", ta fito ranar 17 ga Yuli, da hannun makaɗin nan na Jamus, Boys Noize, a cikin shirinta. Ita ce ta fi samun karɓuwa: bugu mai nauyi irin na gidan rawa, da muryar Reznor a kai. Da yawa sun ɗauka ɗanɗano ne na abin da ke tafe, shi ya sa da cikakken kundin ya iso aka ga huɗu ne kawai irinta, murnar wasu ta koma ciki.

Waɗanda suka yi na'am da kundin suna cewa duk wanda ya san ƙungiyar ya san kiɗa marar waƙa ba baƙo ba ne a gidanta. Ghosts I–IV na 2008 kaɗe-kaɗe 36 ne kusan babu kalma a ciki, haka Ghosts V da VI da aka raba kyauta a Maris 2020 lokacin kullen korona. A wurinsu Tron: Ares ya fi ayyukan baya-bayan nan ƙarfi da saurin jini, kuma waƙar "Who Wants to Live Forever?", wadda Reznor ya rera tare da mawaƙiyar Sifaniya Judeline, ta nuna wata fuska mai taushi da ba a saba gani ba.

Masu ƙorafi kuma suna cewa Ghosts babu wanda ya yi odarsa. Wannan kuwa an ɗinka shi ne a kan awon hoton wani, shi ya sa wasu kaɗe-kaɗen ke katsewa daidai lokacin da suka fara ɗaukar zafi. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. Wanda ya saurari kundin daga farko zuwa ƙarshe ba tare da fim a gabansa ba zai ji wurare da dama inda kiɗan ke jiran wani abu da ba ya nan.

Akwai kuma ɓangare na uku da ba ruwansa da tarihin Reznor: masoya finafinan Tron. Wendy Carlos ce ta yi kiɗan na farko a 1982, sannan Daft Punk na Faransa suka yi na Tron: Legacy a 2010, aikin da mutane da dama ke ganin ya fi fim ɗin kansa daɗewa a zukata. Daft Punk sun watse a Fabrairun 2021, don haka duk wanda ya gaje su dole a ɗora shi a sikeli ɗaya da su. A kunnen waɗannan, sabon kiɗan ya cika duhu da sanyi. Masoya Nine Inch Nails kuwa wasunsu cewa suke bai yi duhun da ya kamata ba.

Alƙawarin da masoya suke ganin an yi musu

Zafin muhawarar ba zai fahimtu ba sai an koma 2007. A shekarar ne Reznor ya fito fili ya soki kamfanin Universal, uwar Interscope da ke buga faifansa, kan tsadar da aka ɗora wa kundin Year Zero a Ostireliya. A wani wasa a Sydney cikin Satumba ya ce wa 'yan kallo su sace waƙoƙinsa su raba wa abokansu. Wata guda bayan haka ya sanar cewa ya rabu da Interscope, ya zama mai cin gashin kansa.

Abin da ya biyo baya ya shiga tarihin kasuwar kiɗa. Ya sayar da Ghosts I–IV kai tsaye ta intanet a kan dala 5, da lasisin da ya halatta wa mutane su kwafa su kuma sarrafa shi, tare da wani bugu na musamman guda 2,500 a kan dala 300 kowanne, wanda ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Bayan wata biyu ya ba da kundin The Slip kyauta. Ya kuma saki ɗanyen sautin wasu waƙoƙinsa domin masoya su sake haɗa su yadda suka ga dama. (Daga ɗaya cikin kaɗe-kaɗen Ghosts ne aka tsakuro sautin da aka gina "Old Town Road" ta Lil Nas X a kai, waƙar da ta mamaye Amurka a 2019.)

Wanda aka yi wa irin wannan karamci yakan fara jin yana da kaso a gidan. Masoyan da suka rayu a wannan zamani sun ɗauki sunan ƙungiyar a matsayin tutar ƙin mulkin manyan kamfanoni. To ga shi yanzu sunan na kan allon tallan Disney, kuma cikin kamfanonin da suka fitar da kundin har da Interscope ɗin da aka yi wa bore a 2007. Ga wasu, wannan ya fi ƙarancin waƙoƙi ciwo.

Sai dai Reznor bai taɓa ɓoye cewa cin gashin kai ya gajiyar da shi ba. Tun 2013 ya koma ƙarƙashin babban kamfani, inda Columbia ta fitar da Hesitation Marks, kuma a lokacin ma an yi irin wannan guna-guni. Ya yi aiki da Beats Music, daga baya da Apple Music, ya ga cikin kasuwar sauraron waƙa ta intanet da idonsa, ya kuma fito yana cewa ɗan abin da ake biyan mawaƙa ya kassara masu matsakaicin ƙarfi a cikinsu. A irin wannan kasuwa, fim ne wurin da har yanzu ake biyan makaɗi kuɗin kirki, ake kuma zaunar da mutane awa biyu a ɗaki mai duhu su ji aikinsa da manyan lasifika ba tare da sun danna sun wuce ba.

Rigimar da aka taɓa yi

Ko gardamar abin da ya cancanci a kira kundi ba sabuwa ba ce a tsakaninsu. Bad Witch na 2018 waƙoƙi shida ne, kimanin minti 30, kuma da farko an tsara shi a matsayin gajeren faifai na uku a jere. Da aka sanar da shi a matsayin cikakken kundi wasu masoya suka yi tsegumi, Reznor kuma ya mayar da martani mai zafi, ya bayyana cewa manhajojin sauraron waƙa na tura gajerun faifai can ƙasa inda ba a ganinsu.

Haka aka yi da waƙar "Everything" a 2013. Kiɗanta mai haske ne, mai fara'a, kuma wasu sun karɓe ta kamar cin amana. A nan ne gardamar ke da wani gefe marar daɗin faɗi. Mutumin da ya rubuta The Downward Spiral yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, cikin maye da ƙunci. Wanda ya yi Tron: Ares ya cika 60 a watan Mayun 2025, magidanci ne mai 'ya'ya, ya fi shekara ashirin rabonsa da ƙwaya. Mai neman ya dawo da sautin 1994 da dukan zafinsa, ko ya sani ko bai sani ba, yana neman yanayin da ya haifi sautin ne, kuma wannan yanayi ya kusa kai mutumin kabari. Wannan bai hana a soki kundin ba, domin akwai abin suka a cikinsa. Amma ya kamata mai sukar ya bambance tsakanin raunin aiki da kewar ƙuruciyarsa shi kansa.

Abin da kasuwa ta nuna

Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Joachim Rønning ne ya ba da umarni, Jared Leto ya fito a matsayin Ares, wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da aka fito da ita daga duniyar kwamfuta zuwa ta mutane. A ƙarshen makonsa na farko ya tara kimanin dala miliyan 33 a Amurka da Kanada, alhali an ruwaito cewa shirya shi ya ci aƙalla dala miliyan 180. Masu sharhi da dama da suka kushe labarin sun ware kiɗan suka yaba masa, wasu ma suka ce shi ne kaɗai dalilin zuwa silimar. Kundin kuwa ya shiga cikin goma na farko a jadawalin Billboard 200 a makon da ya fito.

Wannan ya ba kowane ɓangare abin riƙewa. Masu goyon baya na cewa ga shi kiɗan ya tsaya da ƙafarsa bayan fim ɗin ya faɗi. Masu adawa na cewa an ba da aron suna mai daraja ga aikin da bai kai ba, kuma Disney ce ta fi buƙatar Nine Inch Nails a wannan ciniki.

A dandamali dai gardamar ba ta hana cika ba. Rangadin Peel It Back, wanda ya fara a Dublin ranar 15 ga Yuni, ya ratsa Turai da Arewacin Amurka, aka kuma ƙara masa wasu ranaku a farkon 2026. A wasannin Amurka, Reznor da Ross sun riƙa komawa wani ƙaramin dandamali a tsakiyar 'yan kallo tare da Boys Noize su kaɗa sabuwar waƙar ta Tron, daga nan su dawo babban dandamali wurin tsofaffin waƙoƙi, su rufe dare da "Hurt".