Bakin Faramisiyum

Ruwa ba ya tsami banza. A jiƙa busasshiyar ciyawa a ruwan kududdufi, a bar ta 'yan kwanaki, a sa ɗigo ɗaya ƙarƙashin madubin likita, sai ga Faramisiyum yana ta sintiri. Siffarsa kamar takalmin silifa, tsawonsa bai kai rabin milimita ba. Ƙwayar halitta ɗaya ce tak, amma yana da baki, har da mafitar kashi.

Dubban 'yan gasu ne suka rufe jikinsa, da su yake iyo, da su yake neman abinci. A gefe ɗaya akwai wani kwari da ya karkace zuwa tsakiyar jiki. Gasun da ke cikinsa suna kaɗa ruwa, ruwan ya kwaso bakteriya ya zuba su a wani rami mai tsukewa. A cikin ramin gasun sun jeru sahu-sahu, rukuni uku, ɗaya mai layi huɗu, suna tura abinci can ƙurya inda ainihin bakin yake. Nan fatar ƙwayar ke kumbura ta zama 'yar jaka, ta cika, ta ɓalle, ta shiga zagayen jiki. Ruwan cikinta ya yi tsami ya kashe bakteriya, sannan sinadaran narkarwa su shiga. Kowane gashi kuwa, in aka duba shi da madubin lantarki, siraran bututu ne tagwaye tara kewaye da biyu, irin ginin gasun da ke share majina a maƙogwaron mutum.

Jakunkunan abincin nan sun ruɗi wani babban masani. Christian Ehrenberg na Jamus ya riƙa ciyar da irin waɗannan halittu rini ja da shuni, ya ga ɗige-ɗige masu launi a jikinsu, sai ya rubuta a littafinsa na 1838 cewa tumbi ne barkatai. An ce gani ya kori ji, amma a nan gani ne ya yi ɓatan kai. Félix Dujardin na Faransa ya musanta, kuma shi ke da gaskiya: jakar ba ta dawwama, ana yin ta ne a rushe.

Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. A ruwan nan akwai Didiniyum, shi ma mai gasu, bakinsa a kan wani ɗan tsini a goshi. Yakan harbi Faramisiyum da zaruruwa masu dafi, ya buɗe bakin nan ya haɗiye shi ɗungurungum, ko da Faramisiyum ɗin ya fi shi girma.