Masu Riƙe da Kuɗin Binciken Zamantakewa

Kafin kuɗin gwamnati ya isa hannun malamin jami'a mai binciken talauci ko rikicin manoma da makiyaya, sai ya bi ta teburin wasu jami'ai. A Najeriya, hukumar TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa, ta ware wa fannonin zamantakewa rukuni guda a Asusun Bincike na Ƙasa.

Jami'an kan karɓi tsarin bincike, su miƙa wa masana su auna shi, sannan su bi diddigin kuɗin har rahoto ya fito. Wuyar aikin tana wajen cewa a'a, musamman idan mai neman malaminka ne kuma tsarinsa bai cika ba. Aikin na wanda ya san bincike da lissafi ne, kuma yake da amana.