Kuɗin Ruwa da Farashin Hatsi a Najeriya

A shekarar 2024 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari, amma shekarar ta ƙare hauhawar farashi tana kan kashi 34.8. A ƙa'ida, idan bashi ya yi tsada sai masu ci su ja baya, saye ya ragu, farashi ya lafa. Sai dai ƙa'idar ta ɗauka bashin banki ne ke juya kasuwa, a nan kuwa ba haka abin yake ba. Manomin gero a Jigawa da ƙaramin ɗan kasuwar Dawanau, jarinsu daga adashi yake fitowa, ko daga ɗan'uwa, ko kayan da uban gida ya bayar a biya daga baya. Da yawa ma addini ya hana su kusantar ruwa. Abin da ya tayar da farashi kuma sananne ne: cire tallafin man fetur a Mayun 2023, sakin naira a watan da ya biyo baya, da 'yan bindigar da suka raba manoman Zamfara da Katsina da gonakinsu. Ƙarin ruwa ba ya mayar da manomi gona. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne masu masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai, da suka dogara da banki wajen sayen kayan aiki, alhali su ake so su ƙara yawan kaya a kasuwa.

Wani zai ce, to matakin ɓata lokaci ne ke nan? A'a, yana aiki, amma ta ƙofar canji. Ruwa mai tsoka a kan takardun lamunin gwamnati yana jawo masu dala daga waje, yana kuma rage wa masu naira kwaɗayin mayar da ita dala. Ƙasar da ke shigo da alkama da magunguna da injuna, in naira ta tsaya, farashin burodi ma yakan samu sa'ida, ko da bayan watanni ne.

Sharaɗin shi ne kada bankin ya matse da dama ya saki da hagu. Bashin da ya yi ta bai wa gwamnatin tarayya kai tsaye ya kai naira tiriliyan 22.7 lokacin da majalisa ta amince a mayar da shi lamuni na dogon zango a 2023. Irin wannan kuɗi, da ya shiga gari ba tare da an noma ko an ƙera komai ba, shi ne ɓangaren tsadar da bankin ke da cikakken ikon hanawa.