Kafin ku biya kuɗin kwalejin injiniyanci mai zaman kanta: abin da ya kamata ku sani

Duk shekara, da zarar sakamakon JAMB ya fito, sai tallan makarantu masu zaman kansu ya cika rediyo da Facebook da allunan bakin titi. Kowace tana cewa ita ce ta fi, da hoton bene mai kyalli da ɗalibai sanye da hular kwano. Kwasa-kwasai biyu ne suka fi jan hankalin iyaye a irin wannan talla: injiniyanci da gudanar da kasuwanci. Akwai dalilin da ya sa mutane ke karkata can. Guraben karatu a jami'o'in gwamnati ba sa isar masu nema, ga kuma yajin aiki. A 2022 malaman jami'a sun shafe wata takwas ba su shiga aji ba, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Uban da ya ga ɗansa zaune a gida tsawon wannan lokaci ba zai raina makarantar da ta ce shekara biyar ɗinta shekara biyar ce ba.

Tun 1999 da aka ba jami'o'i uku na farko masu zaman kansu lasisi, wato Igbinedion da Babcock da Madonna, adadinsu ya yi ta ƙaruwa har ya haura 140. A cikinsu akwai nagartattu, akwai masu lallaɓawa, sannan a gefe akwai na bogi da ba su da lasisin ma. Abin da iyali ke zuba kuɗinsa a kai shi ne kwas guda ɗaya, wanda ake so hukuma ta amince da shi, ɗalibi kuma ya fito da aiki a hannunsa. Duk binciken da za ku yi, a kan wannan kwas ɗin za ku yi shi, kuma kafin a biya ko sisi.

Lasisin makaranta daban, amincewa da kwas daban

Tambaya ta farko: wace takarda makarantar ke bayarwa, kuma wa ya ba ta izini? A Najeriya hukumar NUC ce ke kula da duk wanda ke ba da digiri. Hukumar NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ita ke kula da kwalejojin kimiyya da fasaha masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma. Kwalejin injiniyanci ko gudanarwa da ba jami'a ba ce ba ta da ikon ba da digiri da sunanta. In ta ce tana haɗin gwiwa da wata jami'a, ku nemi sunan jami'ar, ku tabbatar NUC ta amince da wannan haɗin, ku kuma san cewa sunan jami'ar ne zai fito a kan takardar.

A nan ne iyaye da yawa ke yin kuskure. Makaranta na iya samun lasisi sahihi, amma wani kwas a cikinta bai samu amincewa ba. NUC kwas-kwas take tantancewa, sakamakon kuma kashi uku ne. Akwai cikakkiyar amincewa, mai shekara biyar. Akwai ta wucin gadi, mai shekara biyu, ma'ana an ga giɓi an ba da lokacin gyara. Akwai kuma wanda aka hana amincewa, shi kuwa ba a yarda ya ɗauki sababbin ɗalibai ba. Saboda haka in jami'in makaranta ya ce muku “ai mu NUC ta amince da mu,” ku ce da shi: “Malam, injiniyancin lantarki muke tambaya. Wane matsayi yake da shi, kuma a wace shekara aka tantance shi?” Amsar da ya bayar, ku gwada ta da jerin da hukumar ke wallafawa a shafinta na intanet. Hukumar kan fitar da jerin jami'o'in bogi ma, ku leƙa shi.

Sabon kwas da bai yaye kowa ba yana iya zama da izinin farawa kawai. Ba laifi ba ne, amma ku sani ɗanku na cikin rukunin da za a yi gwaji da su.

Injiniya na da hukuma ta biyu

Kwas ɗin injiniyanci bai tsaya ga NUC ko NBTE ba. Akwai majalisar COREN, wadda doka ta kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma ita ma tana tantance kwasa-kwasai da kanta. Wanda ya gama kwas ɗin da COREN ba ta amince da shi ba zai gamu da cikas ranar da ya je neman rajista, alhali rajistar ce ke ba shi damar amsa sunan injiniya a hukumance da sa hatimi a kan zanen aiki. Shekaru bayan gama makaranta ake gano wannan, lokacin da gyara ya yi wuya.

Ku kuma san matakin da kowace takarda ke kaiwa. Digirin injiniyanci a Najeriya shekara biyar ne, shi ke kaiwa ga rajistar injiniya. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, sai shekara ɗaya ta koyon aiki, sai babbar difloma shekara biyu, kuma rukunin rajistarsu a COREN daban ne. Dukansu hanyoyi ne masu daraja, akwai masu difloma da ke riƙe da masana'antu. Abin gudu shi ne a sayar wa mutum wata da sunan wata.

Gurbin da bai bi ta JAMB ba

Tun 2017 JAMB ta fito da tsarin CAPS, wanda ta cikinsa ne ake ba da duk wani halastaccen gurbin karatu, a makarantar gwamnati ko mai zaman kanta. Ɗalibi da kansa zai shiga ya ga sunan makaranta da kwas, ya amsa tayin, ya fitar da takardar JAMB. Makarantar da ta ce “ku biya kawai ya fara, daga baya za mu daidaita” tana jefa yaron cikin haɗari, domin wanda sunansa ba ya cikin jerin ɗaliban da JAMB ta sani yana iya gama karatu ya kasa tafiya hidimar ƙasa. Haka kuma sharaɗin shiga injiniyanci sananne ne: kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Wanda ya ce zai ɗauki yaro ba kiredit a lissafi, kuɗinku yake so, ba ci gaban yaron ba.

Ku taka da ƙafarku

Gani ya kori ji. Ku je ranar karatu, ba ranar bikin baje koli da aka share ko'ina ba, ku nemi a kai ku ɗakunan gwaje-gwaje da na aikin hannu. Asusun TETFund da ke saya wa makarantun gwamnati kayan aiki ba ya tallafa wa masu zaman kansu, don haka duk injin da kuka gani daga aljihun mai makaranta ya fito, kuma a nan ake gane wanda da gaske yake.

In kun shiga, ku dubi injinan da kyau. Injin feƙe ƙarfe da ake aiki da shi za ku ga ɓarɓashin ƙarfe a ƙarƙashinsa, da tabon mai, hannun juya shi ya goge saboda riƙo. Wanda aka ajiye don baƙi yana nan cikin leda, ƙura a kansa, wani ma ba a haɗa shi da wuta ba. Ku roƙi mai kula da ɗakin ya kunna muku. A sashen gine-gine ku tambayi injin da ake matse curin kankare don auna ƙarfinsa. In ana amfani da shi za ku ga tarin fasassun curi a gefe, kowanne da kwanan wata a jikinsa. A sashen lantarki ku ƙirga teburan gwaji, ku tambayi yawan 'yan aji. Tebur huɗu ga ɗalibai tamanin na nufin kaɗan ne za su taɓa waya, sauran kallo za su yi. Sannan ku tambayi wuta: in an ɗauke, janareta ko sola na kaiwa ɗakin gwaji, ko ofishin shugaba kaɗai?

Bayan inji sai malamai. Ma'aunin NUC a injiniyanci shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 15, a fannin gudanarwa kuwa ɗaya ga 30. Ku nemi sunayen malaman sashen, ku tambaya nawa ne na dindindin, nawa ne 'yan ziyara daga wasu jami'o'i. Malamin ziyara ba aibu ba ne, sau da yawa ma ƙwararre ne. Amma sashen da kusan duka manyansa sai ƙarshen mako suke zuwa, wa zai zauna da ɗalibi a kan aikinsa na shekarar ƙarshe? Ku tambaya kuma malamai nawa ke da rajistar COREN.

Tambaya ta ƙarshe a nan ita ce koyon aiki a masana'anta, shirin SIWES da asusun ITF ya ɓullo da shi a 1973. Ɗalibin injiniyanci kan yi kimanin wata shida a aji huɗu. Ina ɗaliban bara suka yi nasu? Makaranta ce ta nema musu, ko kowa ya yi ta kansa? Malami ya bi su ya duba? In an nuna muku littafin da ɗalibi ke rubuta aikin kullum, ku buɗe ku karanta shafi biyu.

Ɓangaren gudanar da kasuwanci

Wannan fannin ba ya buƙatar manyan injina, shi ya sa buɗe shi ke da sauƙi, rauninsa kuma ke da wuyar gani. Aji da allo da malami sun isa a ce ana karatu. Abin dubawa shi ne ko ɗalibai na taɓa aiki na zahiri: lissafin kuɗi a kwamfuta, rubuta tsarin kasuwanci, fita bincike a kasuwa ko kamfani, da jin darasi daga bakin waɗanda suka riƙe harka. Ga mai son zama akanta, ku tambaya ko ƙungiyar ICAN ko ANAN ta amince da sashen. Amincewar ICAN na sa a ɗauke wa ɗalibi wasu darussan jarrabawar ƙwarewa, ya samu sauƙin kuɗi da lokaci.

Ku yi lissafin shekara biyar

Kuɗin da ke kan talla yawanci na karatu ne kawai. Ku nemi a rubuta muku komai: kuɗin amsa gurbi, masauki, abinci, ɗakin gwaji, asibiti, aikin shekarar ƙarshe, bikin yaye ɗalibai. Ku tambayi nawa 'yan aji huɗu na yanzu suka biya a shekararsu ta farko, nawa suke biya yau. Daga nan za ku gane yadda kuɗin ke tashi. Ragin da aka kira tallafi, na shekara ɗaya ne ko har a gama, kuma da wane sharaɗi? In yaro ya janye, me ake mayarwa? Ku tuna bashin karatu na NELFUND na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Babu abin da ya kai yaro ya tsaya a aji uku ciwo, don ba takarda, ga dukiya ta tafi. In lissafi bai kai ba, kwalejin fasaha ta gwamnati mai cikakkiyar amincewa ta fi jami'a mai tsada da ba za a iya kammalawa ba. Kuɗi kuma a asusun makaranta ake biya, a karɓi rasit, ba a asusun wani mutum ba.

In a ƙasar waje ne

A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Darasin shi ne, kafin tafiya a tuntuɓi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, don ita ce za ta tantance takardar in an dawo.

Indiya, inda 'yan Arewa da dama ke zuwa, cike take da kwalejojin injiniyanci da gudanarwa masu zaman kansu, kuma mafi yawansu a ƙarƙashin wata jami'a suke, ita ke ba da digirin. Ku duba ko hukumar AICTE ta amince da kwalejin, ko hukumar UGC ta san jami'ar, ko hukumar NBA ta ƙasar ta tantance kwas ɗin. Akwai kuma jerin NIRF da gwamnatin ƙasar ke fitarwa duk shekara tun 2016. Alƙaluman samun aiki da suke talla da su galibi na 'yan ƙasa ne, bizar karatu kuwa ba izinin aiki ba ce. Ga 'yan Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, sai a tambaya ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ba da izini, kuma ko hukumar CAMES ta amince da takardar. Dillalin makaranta kamasho yake ci a kan kowane ɗalibi, maganarsa ba hujja ba ce.

Ku nemi waɗanda suka gama

Takardu na nuna halascin makaranta, amma ingancinta a bakin ɗalibanta yake. Ku samu 'yan ajin ƙarshe a inda ba jami'in makaranta, ku kuma nemi waɗanda suka gama shekara biyu ko uku da suka wuce. An ba su takardarsu a kan lokaci? Sun tafi hidimar ƙasa tare da sa'o'insu? Me suke yi yanzu? Da za a mayar da su baya, za su sake zaɓar wurin? A sa yaron ko yarinyar cikin wannan bincike, domin su za su zauna a ajin, kuma wanda ba ya jituwa da lissafi ba a tura shi injiniyanci don sunan kawai.

Makarantar kirki ba ta jin haushin tambaya. Takarda take fitowa da ita ta nuna. Wadda ta shiga kame-kame, ko take matsa muku ku biya yau don gurbi zai ƙare, ta riga ta ba ku amsa. Mako biyu na bincike da kuɗin mota ba komai ba ne a kan shekara biyar ta rayuwar yaro da gumin iyayensa. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu zaɓin alheri.