Sanyin Da Muka Sani, Da Duhun Da Ba A Faɗa Mana Ba

Duk wanda ya tashi a unguwar Television, kudu da kogin Kaduna, da hancinsa yake gane watan Disamba tun kafin ya duba kalanda. Hazo ya rufe gari, leɓe ya tsattsage, mai shayi ya yi kasuwa tun asuba, gareji ya cika maƙil da masu haramar tafiya gida Kirsimeti, wasu Kafanchan, wasu Zonkwa, wasu Kagoro. In ka gamu da maƙwabci ka ce, "Yaya sanyi?" sai ya ce, "Lokacinsa ne." In da damina ne ka ce, "Yaya ruwa?" ya ce, "Ruwa ya yi gyara." Mutanen da suka saka yanayi cikin gaisuwarsu ba za a ce ba su san juyin shekara ba. Shi ya sa raina yake sosuwa idan na ji ɗalibinmu a Turai yana cewa wai mu ba mu da lokuta, sai da ya je can ya gani. Muna da su: bazara, damina, kaka, da rani mai ɗauke da hunturu. Ma'aunin ne ya bambanta. Mu da ruwa da iska muke auna shekara, su kuwa da haske.

A watan Satumba na 2017 na tafi Landan karatu. Sanyi kaɗai aka gargaɗe ni a kai, don haka na haye gada na je Kasuwar Barci na zaɓi rigunan gwanjo masu kauri, irin waɗanda daga can ɗin ma aka kwaso su. Sun yi mini amfani ƙwarai. Amma ba wanda ya ce mini komai game da rana.

Ranar Lahadi 29 ga Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda suke yi duk Lahadin ƙarshe ta wannan wata. Kafin ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi. Da Disamba ta kai 21, sai bayan ƙarfe 8 na safe take leƙowa, kafin 4 ta ɓace, wuni bai cika awa 8 ba, kuma galibi gajimare ya tare ɗan hasken da ya rage. A Kaduna, ko wane wata ne, tsakanin ƙarfe 6 da 7 ake magariba. Jikina da wannan ya saba tun haihuwa. Sai ga shi ina fitowa daga aji cikin dare alhali a gida ko la'asar ba ta yi sanyi ba. Barci ya yi mini yawa, karatu ya ƙi shiga, zuciya ta yi nauyi ba tare da an yi mini komai ba.

Dalilin yana cikin yadda duniya take tafiya. A karkace take kewaya rana, karkatar da ta kai digiri 23 da ɗoriya. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka tsakanin wuninta mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Landan tana digiri 51 da rabi. A can tazarar ta haura awa 8. Nauyin zuciyar ma yana da suna a likitance. Wanda ya fara bayyana shi a rubuce a 1984, Norman Rosenthal, shi kansa baƙo ne: daga Afirka ta Kudu mai yawan rana ya koma New York, ya ji abin a jikinsa kafin ya bincike shi a jikin wasu. Haka kuma hukumomin lafiya na Birtaniya suna ba da shawarar shan ƙwayar bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, domin ranar wannan lokaci ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da shi, masu baƙar fata kuwa an ce su duba yiwuwar sha duk shekara. Wannan bayani ya fi rigar sanyi ta biyu amfani ga yaron da zai tafi, amma ba kasafai ake saka masa shi cikin guzuri ba.

A ganina har fassararmu tana cikin abin da ke ruɗa matafiyi. Mun ari kalmar hunturu mun ba lokacin sanyinsu, alhali hunturunmu busasshiyar iska ce mai ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda ke busar da shanya cikin awa guda. Nasu jiƙaƙƙe ne, yayyafi ba dare ba rana, sanyin yana ratsa ƙashi. Kaka a wurinmu girbi ne, sabon gero, rumbu cike, bukukuwan aure. A can ganye ne yake rikiɗa ya koma rawaya da ja, sa'annan ya zube, saboda itacen ya janye koren sinadarinsa da ya ji wuni yana gajarta. Kukarmu ƙishirwa ce take sa ta zubar da ganye. Gawo kuwa, da ya saɓa wa kowa, da damina yake tuɓewa.

Ba mu ne farkon shiga wannan ruɗani ba. A Satumba ta 1855 wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, ya sauka Landan tare da abokinsa Abbega a ayarin Baturen matafiyi Heinrich Barth. Ya zauna da malamin mishan J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Daga baya ya dawo, ya rasu a Kano a 1912. Nakan tuna shi da yawa a waɗancan watanni. Watan da na sauka shi ma a cikinsa ya sauka, ba fitilar lantarki, ba wayar da zai ji muryar gida.

Dusar ƙanƙara sai ƙarshen Fabrairu na 2018 ta zubo sosai. Gani ya kori ji. Abin da ya fi ba ni mamaki shirun da ta kawo: ruwanmu da tsawa da ƙarar kwano yake zuwa, ita kuwa ta sauka ba ko motsi, ta haɗiye ƙarar motoci.

Daga nan al'amari ya juya. Aka tura agogo gaba a ƙarshen Maris, lokacinsu ya yi daidai da na Najeriya, itatuwan da na ɗauka sun mutu suka fitar da fure tun kafin ganye. Azumi ya kama a tsakiyar Mayu, abokin zamana ɗan Zariya yana kai kusan awa 18 bai sha ruwa ba, ƙarfe 9 na dare yana tsaye bakin taga yana jiran ranar da muka yi ta nema a Disamba ta faɗi.

Mahaifiyata takan kira ni duk Lahadi bayan an taso coci. Da fari "Yaya sanyi?" take cewa. Da na yi ta ba ta labari, sai ta ƙirƙiro tata gaisuwar, wadda ban taɓa ji a bakin kowa ba: "Yaya duhu?" Wata Lahadi a Afrilu ta kira tana murna, ruwan fari ya sauka a Television, ƙasa sai ƙamshi, yara sun fita tsakar gida suna tsalle. Can sai ta tuna, ta ce, "To ɗana, yaya duhu?"

Na ce, "Mama, ya yaye."