Ginin Ƙasa Bai Tsufa Ba

Daga Wakilinmu

Duk matafiyin da ya ratsa Achida zuwa Wurno zai ga soraye na tubali da azara, irin ginin da magina suka gada tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno. Bango mai kauri yana tare zafin rana, ga kuma ƙasar gini a bayan gari.

Wannan hikima ita birnin Sakkwato yake bukata, inda jama'a ke ƙaruwa, fili ya yi tsada, haya ta gagari talaka. A 1980 Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙudura gina gidaje 2,000 na siminti a kowace jiha duk shekara, amma ba a cim ma adadin ba.

Sai dai ginin ƙasa ba ya shiri da ruwa: ambaliyar Gulbin Rima ta 2010 ta rushe gidaje da yawa a Goronyo da Wurno. Maganin abin shi ne harsashin dutse da siminti, da dogon indararo, da yaɓe kafin damina. In kuma aka ɗora bene, fili ɗaya sai ya ɗauki iyali biyu.