Yaba Kyauta Tukuici: Aikin Sa Kai a Gaweye da Ƙauyuka

Gaweye unguwa ce a birnin Yamai. Tsohuwar Gaweye tana bakin kogin Isa ne, kusa da gadar Kennedy. Tana cikin unguwannin farko na garin. Wajen ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta so gina babban otel da gidan taro a wurin. Sai aka tashi mutanen, aka ba su filaye a ƙetaren kogi. Otel ɗin ya ɗauki sunan unguwar. Su ma mutanen suka ƙetara da sunansu. Yau Gaweye tana cikin da'ira ta 5 ta Yamai, ɓangaren da Zabarmawa ke kira Harobanda, wato bayan ruwa.

Ƙasar Harobanda kwari ce. In kogi ya cika, ita ce ta fara sani. Mazauna wurin sun ga amfanin mutumen da ke taimako ba tare da an biya shi ba. Abin da suka gani ya shafi manomi da makiyayi na kowane gari.

Ranar da ruwa ya shigo gari

Kogin Isa yana cika sau biyu a Yamai. Akwai ruwan da ke tasowa daga ƙasar Gine, ya biyo ta Mali, ya iso a lokacin ɗari. Wannan a hankali yake zuwa. Akwai kuma jan ruwa na damana. Shi gulaben Sirba da Dargol da Gorwal ne ke kawo shi daga wajen Burkina Faso, cikin watan Agusta da Satumba. Wannan shi ne mai ban tsoro, domin da sauri yake hawa.

Ma'aikatan ruwa suna da ma'auni a Yamai. In ruwa ya kai santimita 620, to an shiga babban haɗari. A watan Satumba na 2020 ruwan ya kai santimita 700, wato mita 7. Tun da aka fara awo ba a taɓa ganin haka ba. Shingen ƙasa da aka yi don tare ruwa ya karye. Ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Zarmagande da Kirkisoy, unguwannin da ke da'ira ɗaya da Gaweye. Gidajen laka suka jiƙe, suka zube. Gonakin shinkafa da garake na bakin kogi suka nutse. A shekarar nan, cikin ƙasar Nijar duka, ambaliya ta shafi mutum fiye da 500,000, kuma fiye da mutum 60 suka rasu.

Hukuma ta aiko sojoji da ƴan kwana-kwana. Amma ruwa ba ya jiran mota ta iso. Waɗanda suka fara kai hannu maƙwabta ne. Samari suka cika buhuna da rairayi, suka jera su inda ruwa ke ɓullowa. Masu jirgin ruwa suka riƙa fitar da tsofaffi da yara da kaya. Masu amalanke suka kwashe tabarmi da tukwane da buhunan hatsi zuwa tudu. Aka buɗe makarantu, mutane suka kwana cikin azuzuwa. Mata suka dafa abinci suka kai musu. Wasu magidanta suka raba ɗaki da dangi ko da baƙi. Ƴan agaji na ƙungiyar Kurwa Ruj, wadda aka kafa a Nijar tun 1963, su ma suka shiga aikin.

Yawancin mutanen nan babu wanda ya rubuta sunansu. Babu wanda ya ba su ko dala. Wasunsu ma nasu gidajen suna cikin ruwa. Wannan shi ake kira aikin sa kai: mutum ya ba da ƙarfinsa da lokacinsa don jama'a, da son ransa.

Abin ya sake faruwa a damanar 2024. A shekarar ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan 1 a ƙasar, fiye da mutum 300 suka rasu. Har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Ke nan buƙatar irin waɗannan mutane tana nan, ba ta ƙare ba.

Gado ne, ba baƙon abu ba

Samarin da suka cika buhunan rairayi ba su koyi wannan a littafi ba. A gida suka tarar da shi.

Bahaushe yana da gayya. In noma ya fi ƙarfin mutum, ko rashin lafiya ta kwantar da shi, sai ya gayyaci jama'a. Su zo da hauyoyinsu, makaɗi yana kiɗa, su gama gonar kafin la'asar. Mai gona ya kawo fura da tuwo da goro. Gobe in an kira gayyar wani, shi ma ya ɗauki hauyarsa ya tafi. Zabarmawa suna da irinta, suna ce mata bogu. Da gayya ake ɗaga jinka, da ita ake yashe rijiya, da ita ake yaɓen masallaci. Shi ya sa aka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Makiyaya kuma suna da haɓɓanaye. Bafillacen da ke da shanu yakan ba ɗan'uwansa aron saniya. Wanda aka ba ya kiwata ta, ya sha nononta, har ta haihu sau biyu ko uku. Maruƙan nasa ne. Daga nan ya maida uwar ga mai ita. Bayan farin 1973 da na 1984, da bisashe suka ƙare, makiyaya da yawa ta wannan hanya suka sake tada garke. Fulani suna kula da saniyar haɓɓanaye fiye da tasu. Kulawar nan ita ce godiyarsu.

Tsofaffi suna iya bambanta gayya da aikin dole. A zamanin Nasara ana kama mutane a kai su gyaran hanya da gini da ɗaukar kaya, ko suna so ko ba sa so. Sai a 1946 aka hana wannan da doka. Aikin dole yana barin ɗaci a zuciya, gayya kuwa tana ƙara zumunci. Duk mai kiran jama'a aiki ya kamata ya riƙe wannan bambanci.

Zamanin samariya

Bayan da Seyni Kunce ya hau mulki ran 15 ga Afrilu 1974, gwamnati ta farfaɗo da samariya. Kowane gari da kowace unguwa, har unguwannin Yamai, suka sami sarkin samari da ƴan majalisarsa. Samariya ta buga tubali, ta gina azuzuwan makaranta da ɗakunan shan magani. Ta share tituna da kasuwanni. Ta noma gonakin gari. Daga 1975 aka maida ran 3 ga Agusta ranar dashen itace, samari kuma su ne a gaba wajen haƙa ramu da ban ruwa.

Samarin nan ba su da albashi. Amma ana nuna an gan su. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram. Ana ambatar garuruwan da suka yi ƙoƙari a rediyo. Saurayi yana jin daɗi a ce ajin nan da hannunsa aka gina shi. Bayan rasuwar Kunce a 1987, da canjin siyasa na 1991, samariya ta yi sanyi. Amma har yanzu akwai dogon yaron da suka dasa, mutane na shan inuwarsa.

Inda godiya ta yi ƙaranci

Akwai wani misali da ya kamata kowane gari ya yi tunani a kansa. Tun shekarun 1960, a jihar Maraɗi da farko, aka soma horar da ƴan agajin ƙauye da ungozomomi. Gari ne ke zaɓen mutumensa. A kai shi gidan likita ya yi ƴan kwanaki yana koyo. A ba shi akwati mai nibakin da asfirin da maganin ciwon ido da jan magani da bandeji. Ungozoma kuma a koya mata tsabta wajen yankan cibi, da gane naƙudar da ta fi ƙarfin gida.

Mutanen nan manoma ne kamar kowa. Ba a biyansu. An dogara ne ga cewa gari zai taimake su. A wasu garuruwa an yi hakan: an yi musu gayya, an ba su damman hatsi da kaka, an cika akwati in magani ya ƙare. A can aikin ya daɗe. A wasu garuruwan kuwa an manta da su. Ana tada ɗan agaji tsakar dare. Da rana ya bar gonarsa ya raka marar lafiya. Ciyawa ta cinye masa hatsi, babu wanda ya ce sannu. In magani ya ƙare kuma a zarge shi. Irin wannan mutum yakan gaji. Wata rana sai a ji ya tafi cin rani, akwati yana rataye babu kome ciki. Wa ya yi asara? Uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi, likita kuma yana da nisan yini guda.

Haka abin yake ga mai kula da famfon gari, da mai riƙe makullin bankin cimaka, da matan da ke share bakin rijiya. Aikin sa kai kamar shibka ne. In ba a yi masa noma ba, ba ya kai kaka.

Abin da mai aikin ke samu

Wani zai ce: to mai aikin sa kai, mene ne ribarsa?

Na farko, lada wurin Allah. Musulmi sun san cewa ko kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce.

Na biyu, sani. Wanda ya shiga gyaran famfo ya koyi gyara. Wanda ya riƙe littafin bankin cimaka ya ƙware da lissafi. Wanda ya yi aikin agaji ya san abin da zai yi in ɗansa ya kamu da zawo. Sanin nan nasa ne har abada, wani lokaci ma ya zama sana'a.

Na uku, mutunci. In za a zaɓi shugaban ƙungiyar manoma, wanda aka gani a bakin aiki shi ake tunawa. In ya yi magana a dandali ana saurare.

Na huɗu, jama'a. Ranar da tasa matsalar ta zo, ba zai tsaya shi kaɗai ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Yadda gari zai gode

Cewa "na gode" abu ne mai kyau, kuma ba ya cin kuɗi. Amma Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Ga tukuicin da kowane gari zai iya.

A yi wa ɗan agaji da ungozoma gayya sau ɗaya a damana. Yini guda na jama'a ya isa ya maida musu kwanakin da suka ɓata wajen hidimar gari.

A ambaci sunan masu aiki a gaban jama'a. Mai gari ya faɗa a dandali, liman ya yi musu addu'a. Kada a manta da mata. Su ne ke ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, su ne ke dafa abincin gayya, amma sau da yawa ba a lissafa su.

Waɗanda suka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci suna da aiki a nan. Su sami littafi guda. Duk ranar aikin gari su rubuta kwanan wata, da irin aikin, da sunan waɗanda suka zo. Da haka za a san masu ƙoƙari. Da haka kuma za a ga in mutum biyar ne kullum ke ɗaukar kayan gari duka, sai a sauya musu.

A kula da abin da aka gina. Wanda ya saki awakinsa suka cinye iccen da samari suka dasa, ya yi butulci ko da bakinsa ya yi godiya. Haka wanda ya ɗebi ƙasa a jikin shingen ruwa don buga tubali.

Kada kuma a jira sai ruwa ya shigo. Rairayin da ke cike kogin Isa daga tudu yake gangarowa, daga filayen da aka sare itatuwansu. Manomin da ya bar ƴan itatuwa suka girma a gonarsa, da garin da ya jera duwatsu ya tare zaizayar ƙasa, sun gyara gonakinsu, sun kuma rage wa mutanen bakin kogi wahala, ko da ba su san juna ba.

A 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ran 5 ga Disamba don tunawa da ƴan aikin sa kai na duniya duka. Ranar ta dace da manoma. Lokacin an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, mutane suna gida. Gari yana iya zama a ranar, a karanta littafin aikin shekara, a gode wa waɗanda suka yi, a zaɓi waɗanda za su karɓe su. Babbar godiya ita ce wanda aka taimaka bara ya fito bana da hauyarsa.

Allah ya saka wa masu aikin jama'a da alheri. Allah ya kiyaye Gaweye da sauran garuruwa daga ambaliya, ya ba da damana mai albarka.